Agwagin Shulan da Masarar Baba

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Yau kwana ashirin da uku da sallamo Baba daga asibiti. Hannun hagu har yanzu kamar ba nashi ba, ƙafa tana ja, amma baki ya dawo, alhamdulillahi. Ya dawo har ya so ya yi yawa. Tun safe magana ɗaya: a maida shi Ruwan Godiya, masara ta kusa isa girbi.

Na ce mashi ai Goggo Mairo tana can, ƙanwarshi ce, tare suka tashi cikin gonar nan. Ya ce Mairo tuwo ta sani, ba gona ba.

Na gyara mashi ɗakin baƙi a gidana nan Ƙanƙara. Katifa mai tauri, fanka, buta kusa da hannun dama. Maigidana Hadi ya kafa mashi ƙarfe a bango don dafawa. Ni da na yi shekara biyar a ƙasar Sin ina karatun jinya, in ban iya riƙe ubana ba, to me na je yi?

Ba zai koma ba. Na rubuta a nan don in riƙa gani da idona.

Laraba, 11 ga Satumba

Saƙo daga Shulan. Rabona da jin muryarta tun kafin azumi.

Da ita muka zauna ɗaki ɗaya a shekarata ta biyu a can, ina jinya tana koyon zane. 'Yar siririya, gashi kullum a hargitse, yatsu baƙi ƙirin da tawada. In na tada salla sai ta kashe waƙarta ba tare da na roƙa ba. Ta gama fim ɗin zanen da take fama da shi shekara huɗu, ita da abokanta biyu a ɗakin haya, ba kamfani ba kowa. Minti ashirin da shida ne duka. Za a nuna shi a wani ɗan taro na masu irin wannan aikin, tana so a sa rubutun fassara a ƙasa cikin harsuna da yawa. Har da Hausa, wai. "Ke kaɗai na sani mai Hausa a duniya."

Na ce to kafin in yi tunani. Kamar ina da lokaci.

Asabar, 14 ga Satumba

Na kalli fim ɗin bayan azahar, Baba na barci.

Ba irin katun na yara ba ne. Tawada ce baƙa a kan farar takarda, da buroshi, hoto bayan hoto. Wani tsoho mai kiwon agwagi a bakin kogi. Ɗanshi ya ci jarrabawa ya zama babban ma'aikaci a birni, ya zo ya ɗauke shi ya kai shi gida mai katanga. Kullum da safe ya durƙusa ya gaishe shi. Shi ke fara ɗanɗana magani kafin ya ba shi. Shi ke wanke mashi ƙafa da ruwan ɗumi. Tsohon kuwa sai zama bakin taga, yana ramewa, har layin tawadar da aka zana shi da ita ya koma siriri. Akwai kuma wata tsohuwa mai yawo ba takalmi, da goran ruwa a kafaɗa, tana wucewa ta ƙofar gidan jefi-jefi, ta faɗi kalma biyu ta wuce.

Shulan ta rubuto mani bayani. Ɗan yana kan tsohuwar tarbiyyarsu ta Konfushiyas: girmama iyaye, ladabi, kowa ya san matsayinshi, a yi komai bisa ƙa'ida. Tsohuwar kuma irin mutanen Dao ce, masu barin gari su hau dutse, masu cewa komai yana da hanyar da yake bi, kada ka tilasta mashi wata. Ta ce a gidansu duka biyun aka shayar da ita, babanta da ɗaya, kakarta da ɗaya.

Ya yi kyau. Amma ba labarinmu ba ne. Tsohon nata ba shi da hawan jini.

Talata, 17 ga Satumba

Ina aikin fassarar a tsakar gida bayan la'asar, Baba na kan tabarma yana jan carbi. Can sai na ji ya ce, "Uwata, juyo mani abin nan in gani." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarshi na ci.

Na juya mashi kwamfutar. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce wannan ai tawadar allo ce. Sannan ya nuna rabin hoton da ba a zana komai ba, fari fat.

"Tawadar ce ta ƙare mata?"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce a'a, da gangan ta bari, wai nan ne hazo yake, nan ne kogi yake, mai kallo ne zai cika da idonshi. Ya ce to, Allah ya sa ba lalaci ba ne.

Ba ya karanta boko, sai na riƙa faɗa mashi abin da suke cewa. Agwagin ne suka fi tafiya da shi. Ya ce wanda ya zana su ya taɓa zama da agwagwa, dubi yadda take karkaɗa bindi in ta fito daga ruwa. Minti biyar muka kalla ya ce ya isa haka, gobe ma rana ce.

Yau dai sau ɗaya kacal ya ambaci masara.

Alhamis, 19 ga Satumba

Awon jinin Baba da safe ya ɗan hau. Na rage gishiri, na ɓoye goron da abokinshi ya aiko mashi. Ya sani. Sai kallon jakata yake ta yi.

Lahadi, 22 ga Satumba

Kalmomi biyu sun tsaya mani a wuya.

Ta farko mai sauƙi ce, ita ce ɗan yake yawan faɗa. Biyayya ga iyaye. Tun muna Islamiyya aka haddatar da mu nauyinta.

Ta biyu ta tsohuwar nan ce mai gora. Shulan ta ce ma'anarta ka yi abu ba tare da ka yi ba. Na ce mata wannan ai zancen banza ne. Ta yi dariya ta ce ita ma shekara goma tana ganin haka. Na gwada "sakaci", bai zauna ba. Na gwada "zuba ido", shi ma. Na rubuta "tawakkali" na goge da sauri, don tawakkali ga Allah ake yin shi, su kuma ba haka suke nufi ba. Ba zan sa masu kalmarmu a baki ba.

Baba ya ga ina ta tsaki ya tambaya. Na bayyana mashi iya yadda na gane. Ya ce lokacin da yake noman rani a fadama bai taɓa tura ruwa da hannu ba. "Fartanya nika sawa in buɗe mashi baki, in koma gefe in tsaya. Shi ya san gangare, ni ban kai shi sani ba. Amma fa sai na tashi da asuba na buɗe ɗin."

Na rubuta: "buɗe hanya ka koma gefe." Ya yi tsawo a ƙasan hoto, amma na bar shi.

Juma'a, 27 ga Satumba

Yaya Yahuza ya zo daga Sabuwa bayan an sauko masallaci. Ya kawo wa Baba zuma. Ya tarar da mu muna kallo, daidai wurin da ɗan ya kunna turare gaban allon da aka rubuta sunayen kakanninshi, ya kai goshi ƙasa.

Fuskar Yaya ta canza. Bai yi magana gaban Baba ba, sai da na raka shi zaure. Ya ce, "Amatu, wannan kike juyawa zuwa Hausa? Sujada ga matattu?" Na ce ba kira nake yi a bi su ba, abin da suka faɗa nake faɗa. Ya ce shi dai yana ji mani tsoro, shekara biyar ba kwana biyar ba ce. Ya faɗa a hankali, ba da faɗa ba, shi ya sa ta fi yi mani ciwo.

Sai kuma ya ƙara da wadda ban zata ba. Wai Baba ya kira shi sau uku a waya yana roƙon ya zo ya ɗauke shi. "Ban ce ki sake shi ba, ke kika san magani. Amma ki sani mutum ne kika ajiye, ba buhun hatsi ba."

Na ce in jini ya sake hawa a can fa? Wace mota? Wace hanya, wadda in la'asar ta yi direbobi ba su yarda su bi? Ya yi mani sallama ya tafi. Ni ma da na dawo ciki ban ji na ci nasara ba.

Da na zauna Baba ya ce ya ji mu. Game da turaren ya ce, "Addininsu nasu ne, Allah ya shirye su ya shirye mu. Mu ba mu durƙusa wa kabari. Amma yaron nan kewar ubanninshi yake, wannan ko arne ko Musulmi duk ciki ɗaya ne. Ki faɗi abin da suka ce, kada ki ƙara kada ki rage."



Litinin, 30 ga Satumba

Shekara uku yau da rasuwar Inna.

Ina ɗakin jarrabawa a wata ƙasa aka yi mata wanka aka kai ta. Ciwon kai ta yi da hantsi, kafin a samu motar da za ta yarda ta fito da ita daga Ruwan Godiya, rana ta yi tsaka, kafin su isa garin Sheme Inna ta cika. Sai bayan kwana biyu aka gaya mani. Shulan ce ta zauna da ni a ƙasan ɗaki, ba ta san me ake cewa a Musulunci ba, sai ta riƙe mani hannu kawai.

Ban gaya wa kowa ba, amma kullum in Baba ya ce masara, motar nan nake gani.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Mun kai ƙarshen fim ɗin.

Tsohon ya mutu a gidan birni, a kan kujerar bakin taga. Ɗan ya ajiye aikinshi, ya kai gawar ƙauye, ya kafa bukka kusa da kabarin, ya zauna makoki shekara uku kamar yadda ƙa'idarsu ta ce. Yana share kabari, yana zuba shayi a ƙasa. Agwagin sun zama na daji, in ya matso sai su tashi. Tsohuwar mai gora ta wuce sau ɗaya, ta dube shi, wannan karon ba ta ce komai ba. Sai farar takarda.

Na zaci Baba zai ce ka gani, ga abin da tsare mutum ke jawowa. Har na shirya amsa.

Sai ya goge ido da hannun riga ya ce, "Allah sarki yaron nan." Ya ce in kula da yadda zan juya maganarshi, kada masu kallo su tsine mashi. "Abin da ya sani ya yi. Da yawa ko ruwan wanke ƙafar ba su ba ubansu."

Da ma faɗa ya yi mani, da ya fi mani sauƙi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Goggo Mairo ta kira, sai da ta hau tudu kafin ta samu layi. An fara girbi a gonakin maƙwabta. Ta ce kada in gaya wa Baba. Ban gaya mashi ba, amma wayar a kusa da shi na ɗauka, kuma muryar Goggo ba ta san rufin asiri ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina wurin aiki da hantsi maƙwabciyata Bilki ta kira, ita ke leƙa Baba in na fita. Ta ce ta kai mashi kunu ba ya ɗaki, sandarshi ba ta nan, hularshi ba ta nan. Na bar allura a hannun abokiyar aikina na fito a guje. Na duba layinmu, na duba wurin mai shayi. Wani mai acaba ya ce ya ga wani dattijo yana jan ƙafa ya nufi tasha.

Can na same shi. A kan benci, ƙarƙashin rumfar masu lodin motar Sheme, gumi ya jiƙa mashi riga sharkaf, leda a kan cinya da magungunanshi a ciki. Har magungunan ya ɗauko. Ƙafar ce ta ƙi, ya kasa hawa motar, direban ya san shi ya zaunar da shi ya sayo mashi ruwa.

Na ɗaga mashi murya. Ni. Gaban direbobi, gaban masu tallar gyaɗa, gaban kowa. Na ce so yake ya kashe kanshi? So yake ya mutu a hanya kamar Inna in sake zama ina kuka? Na ce wallahi ko ɗaure shi zan yi ba zai koma ba. Ban san sauran abin da na faɗa ba. Wani tsoho a gefe ya ce, "Haba ɗiyata, ubanki ne fa." 

Baba bai dube ni ba. Ya miƙa wa direban hannu ya tashe shi. A Keke Napep har gida yana riƙe da ledar.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ya sha magani. Bai ci tuwo ba. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yau ko "Uwata" bai ce ba. "Amatullah" ya ce, cikakke, da zai roƙi ruwan alwala.

Asabar, 12 ga Oktoba

Shulan ta tambayi ina fassara. Na ce ban taɓa ta ba kwana huɗu, na gaya mata dalili. Ban yi niyyar faɗa duka ba, amma ya fito.

 Sai ga saƙon murya mai tsawo, tana yi tana tsayawa.

Ashe ba wani ɗa ma'aikaci. Ita ce. Babanta ne mai agwagin, a wani ƙauye na kudancinsu. Da huhunshi ya lalace ta ɗauko shi ta kawo birni kusa da babban asibiti, ta yi mashi duk abin da 'ya ta gari ke yi. Wata bakwai yana roƙon ta maida shi ya ga kogi ko sau ɗaya. Kullum ta ce sai ya ji sauƙi. Ya rasu a bene, hawa na goma sha ɗaya. Ta ce ta mayar da kanta namiji a fim ɗin don ta iya zana fuskar.

Na tambaye ta, to da kin maida shi, da ya rayu? Ta ce a'a, wataƙila ma da ya riga haka tafiya. Ta ce ba ta san wanne ne daidai ba har yau, shi ya sa ta hana tsohuwar magana a ƙarshe. "Ban turo maki don in koya maki komai ba, ban ma san babanki ba shi da lafiya ba."

Na gaya mata abin da Baba ya ce game da yaron, cewa abin da ya sani ya yi. Sai na ji tana kuka. Ta ce in gaishe shi, in ce mashi ta gode. Shekara huɗu, wai, ba wanda ya ce mata haka.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bayan sallar walaha na shiga ɗakinshi na durƙusa. Na ce Baba ka yafe mani. 

Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci. Sannan ya ce ya yafe tun a tasha, kunya ce ta hana shi magana, ba fushi ba. Kunyar an ga ya kasa hawa mota.

Sai ya yi maganar Inna, wadda bai taɓa yi da ni ba. Ya ce shi ke riƙe da kanta a motar. "Ke kina ganin da kina nan da ba ta tafi ba. Ni ina nan, Uwata, a cinyata take. Kwana ne ya ƙare." Ya ce shi ba mutuwa yake nema ba, yana son ranshi sarai. Amma nan in ya farka bai san me zai yi da ranar ba. Can ko a zaune yake, ya san wane buhu ne na iri, wane ne na ci, mutane su zo su tambaye shi abu.

Na ce in jinin ya sake hawa fa? Ya ce to ya hau. "A nan ma in ya tashi hawa, izininki zai nema?"

Na gaya mashi saƙon Shulan. Ya ce Allah sarki, ashe ɗiya ce. Ya ce in ce mata ta ci abinci, masu zane ba su cin abinci.

 Na fito na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Talata, 15 ga Oktoba

Na yi magana da Hadi, na kira Yaya Yahuza. Sharuɗɗa na kafa, kuma na rubuta su a takarda: magani safe da yamma a hannun Goggo. Ma'aikacin ɗakin shan magani na garin zai riƙa auna shi duk bayan kwana biyu, na yi magana da shi, na san shi tun muna makaranta. Lambar direba biyu a jikin bango. Ba ɗaukar kaya, ba tsayuwa cikin rana. Ni kuma duk Asabar in hanya ta yi kyau.

Na karanta wa Baba. Ya ce ko gwamnati sai haka. Ya yarda da duka ban da goro, mun tsaya a kan rabi a rana.

Gwaji ne kawai, zuwa ƙarshen girbi. Na gaya mashi, na maimaita.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun kai shi.

Da sassafe muka fita, lokacin da motoci ke tafiya a jere. Hadi na tuƙi, ni ina baya ina addu'a duk inda daji ya matso bakin titi. Baba a gaba, gilashi a sauke, yana faɗin gonar wane ce wannan, wane ya yi sakacin noma na biyu. Rabona da jin shi yana surutu haka tun kafin ciwon.

Goggo Mairo ta fito da guɗa, sai kuma ta fashe da kuka da ta ga hannun. Ya ce mata ta yi shiru, ba gawa aka kawo mata ba. Kafin mu sauke kaya zaure ya cika. Aka kawo mashi masara guda daga gonarshi, ya ɓare ta da hannu ɗaya da haƙori, ya danna ƙwayar da farce, ya ce a ƙara mata kwana huɗu. Ba wanda ya yi musu.

Na tsaya bakin ƙofar ɗakin Inna, ban shiga ba.

Da za mu taho kafin azahar na sake bin Goggo da bayanin magani har sau uku, ta ce, "Ke Amatu, ni na yi jinyar uwarmu." Baba ya sa mani albarka, doguwa, hannunshi mai lafiya a kaina.  

Litinin, 21 ga Oktoba

Na dafa tuwo ba gishiri, sai da na kwashe na tuna.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na gama fassarar na tura. Layi ɗari da goma sha bakwai. Na sake bin maganganun ɗan ɗaya bayan ɗaya, inda na sa mashi kalma mai kaushi na sassauta, don a Sinancin ma ba kaushi gare su ba, ni ce na ƙara. Wurin turare na bar shi yadda yake. Na tura wa Yaya Yahuza ya gani kafin kowa. Ya amso da cewa har yanzu wurin nan bai kwanta mashi ba, amma agwagin sun yi kyau.

Shulan ta tambayi sunan da za ta rubuta a matsayin mai fassara. Na ce ta sa biyu: Amatullah Almu, da Malam Almu Ruwan Godiya.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ban je ba. An ce hanya ba lafiya tun jiya, motoci sun tsaya. Na kira har sau tara kafin ta shiga. Lafiya lau suke, abin bai kai wajensu ba. Daren jiya na ce wa Hadi gobe zan je in ɗauko Baba, ya ce to. Da gari ya waye ban sake tada maganar ba, shi ma bai tuna mani ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na je. Ya yi baƙi, ya ɗan rame, awo bai sauka ba bai kuma hau ba. An gama girbi. Ba wanda ya tada maganar ƙarshen girbi, har ni.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Goggo ta kira bayan la'asar, tana haki, ta hau tudun nata. 

Wai Baba ya ce yau da ƙafarshi zai je masallacin Juma'a, ya ƙi a ɗauke shi a babur. Ya fita tun da hantsi da sandarshi, yana tafiya yana hutawa. Dab da masallacin ƙafar ta harɗe ya faɗi, ya ƙuje gwiwa, riga ta yage. Mutane suka tashe shi. Jini kaɗan ne, an wanke an ɗaure, yanzu yana zaure yana ba da labari kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Na tambaye ta kanshi bai bugu ba? Ta ce a'a. Bakinshi bai karkace ba? A'a. Sai na ji na ce, "To ya samu sallar kuwa?"

Ta ce ya samu, har huɗuba, a sahu na uku.

Na ce alhamdulillahi. Muka yi sallama.

Gobe zan kai mashi bandeji da maganin shafawa. Da takalmi mai igiya a baya, silifas ɗin nan ne ke harɗe shi. Sati mai zuwa sai ya fita da wuri kaɗan.